Amsa ga Hajiya mai abinci a Agege kan dokar leda da rarraba shara a Legas

Wata Hajiya ce ta turo tambaya, kuma na san mutanenmu da yawa a garin nan irin ta ce a bakinsu, shi ya sa zan ɗan tsawaita. Ta ce tana da shagon abinci a Agege, masa da safe, tuwo da shinkafa da rana, tana kuma yin zoɓo da kunun aya, gidan da take zaune kuma gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. An ce mata an hana farar robar tekawe, an hana leda, wasu ma sun ce har fiya wata an hana, ga masu motar shara suna kawo takardar kuɗi duk wata, ga yaron da yake kwashe mata shara a baro an kama shi an ƙwace baron, yanzu kuma wai sai an riƙa rarraba shara kafin a zubar. Ta ce ita dai kanta ya ɗaure, me doka ta ce takamaimai, kuma yaya mai ƙaramin jari zai yi.

To Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Ni sana'ata kenan a Legas, sayen roba da gwangwani da kwali, mu tsince mu ware mu ɗaure mu kai wa masu niƙa, don haka abin da zan faɗa miki daga cikin harkar ne ba ji-ta-ji-ta ba. Kuma tun farko ki kwantar da hankalinki, abin bai kai yadda ake zuzuta shi a bakin layi ba, rabin abin da aka gaya miki ƙari ne.

Ga yadda abin yake. A watan Janairun 2024 kwamishinan muhalli na jihar, Tokunbo Wahab, ya sanar da hana farar tekawe ɗin nan mai kamar soso wadda ake zuba shinkafa a ciki, aka ba dillalai sati 3 su kawar da abin da ke hannunsu. Daga baya aka faɗaɗa, ranar 1 ga Yulin 2025 aka fara aiki da dokar a kan sauran kayan roba na amfani sau ɗaya a yar, wato ita farar tekawe ɗin, da tsinken roba na zuƙar lemo, da kofunan roba na sha-ka-yar, da cokulan roba, sai kuma leda mara kauri wadda ba ta kai maikiron 40 ba. Iyakar su kenan. Ledar fiya wata ba a hana ba, gorar ruwa da ta lemo ba a hana ba, leda mai kauri ba a hana ba, waɗannan cewa aka yi kamfanonin da suke yin su su ɗauki nauyin tattaro su bayan an yi amfani da su. Don haka duk wanda ya zo shagonki ya ce zai ɗebe miki jakar fiya wata da sunan doka, ba dokar yake bi ba, aljihunsa yake bi.

Maganar maikiron 40 ɗin nan ita ta fi rikita mutane, awon kauri ne, maikiron 1000 ne ke yin milimita ɗaya, kin ga 40 ai ko rabin rabin milimita bai kusa kaiwa ba, kuma ba wanda yake yawo da abin awo a aljihu. Amma mu da muke taɓa leda kullum hannu ya riga ya sani. Santanar da ake ƙulla tuwo da koko da siga, da ƙaramar baƙar ledar da mai kanti yake sa miki Maggi da omo, wadda in kin ɗaga ta a rana kina hango yatsunki, kina sa yatsa ta huje, galibinsu can ƙasa da 40 suke. Mai kaurin irin wadda manyan kantuna suke bayarwa, wadda za ki wanke ki shanya ki sake zuwa cefane da ita, ita ce ta tsira, shi ya sa ma za ki ga kantunan da yawa sun fara cajin kuɗinta daban a wajen biya. In za ki sari leda ki tambayi dilan kai tsaye maikiron nawa ce, ki sa ya nuna miki a jikin ƙunshin in an rubuta. Sannan ki kiyayi abu ɗaya, akwai masu tsohon kaya a sito da suke neman inda za su sauke shi, za a zo miki da farar tekawe katan-katan a rabin kuɗi har da cewa ki biya in kin sayar, kar ki karɓa, araha ba ta ado, ranar da jami'ai suka shigo layinku a shagonki za a same shi ba a sitonsa ba, kuma kwashewa za su yi ba wanda zai biya ki.

Ni a ra'ayina hana farar tekawe daidai ne, ko da kuwa ya taɓa aljihun masu abinci. Ba don gwamnati ta faɗa ba, don na san kayan. Abin nan kusan gaba ɗayansa iska ce aka hura a cikin ɗan roba kaɗan, ki cika mota fam da shi ki hau sikeli ba zai biya kuɗin man da ya kai shi ba, ga shi ya sha manja da miya ba ya wankuwa, saboda haka ba ɗan bola ɗaya da zai sunkuya ya ɗauke shi, mu ma ba ma saya, duk wanda aka ci abinci a ciki hanyarsa ɗaya ce, kwata. Ki je bakin kwalbatin layinku bayan an ɗauke ruwan sama ki leƙa, za ki ga shi ne a sama fari fat ya taru ya toshe bakin, leda ta shiga tsakani ta liƙe ragowar kafar, yashi ya kwanta a baya, ruwa ya rasa hanya ya juyo cikin shaguna da ɗakunan mutane. A kan ledar ƙulli kuwa ina da ja, don an hana abin da talaka yake sayen man gyaɗa na naira ɗari a ciki ba tare da an kawo masa madadi mai sauƙin kuɗi ba, shi ya sa har yau in kin shiga kasuwa za ki gan ta. Amma ganin ta a kasuwa ba shi ne ya halatta ta ba, ki riƙa rage dogaro da ita tun yanzu a hankali kafin a matsa.

Me za ki zuba abinci a ciki kenan. Shinkafa da miya akwai robar nan mai tauri mai murfi da ake gani ta cikinta, ba ta cikin jerin da aka lissafa, tana wankuwa a sake amfani da ita kuma in ta fashe muna saya. Akwai ta kwali, akwai ta alminiyom mai murfin takarda, duk sun fi farar tsada, ba zan ɓoye miki ba. Kuskuren da masu abinci suke yi shi ne su haɗiye kuɗin mazubin a cikin ribarsu don kar kwastoma ya gudu, sai a wayi gari ana ta ciniki ba a ganin kuɗi, ko kuma su rage awon shinkafa a ɓoye kwastoman ya lura ya gudu ɗin dai. Ki raba kuɗin a fili, abinci kaza, mazubi kaza, wanda ya zo da kwanonsa ko kularsa ba ruwansa da kuɗin mazubi. Ki rubuta a kwali ki liƙa a ƙofa don kar a yi ta musu da yaranki. Kwastomominki na kullum, masu gadi da leburori da 'yan kasuwar da suke aiko yaro da rana, wallahi sati ɗaya ya isa ki ga kuloli sun fara jeruwa a kan teburinki, mutum in dai zai tsira da ɗan canjinsa kullum zai tuna da kula. Wanda zai ci a wurin kuwa dama faranti da cokalin ƙarfe da kofin silba, sai dai ki ƙara ruwan wanke-wanke.

Tuwo shi ne mai wuyar, don an riga an saba malmala a santana, yana riƙe zafi, ba ya yin ɓawo, ga saurin sallama. Amma ai iyayenmu sun yi ta sayar da tuwo kafin leda ta zo, a malmala da mara a jera a babbar kula, a riƙa ɗan shafa ruwa ko mai a jikin marar don kar ya kama, in an zo saya a ɗauko a sa a faranti ko kwanon mai saya. Na tafiya da shi kuma ki duba maƙwabtanki Yarbawa, ganyen da suke naɗe alale da agidi da shinkafar ofada yana nan a kowace kasuwa, ana wanke shi a goge a naɗe tuwo da zafinsa ba abin da yake yi, kuma ko don lafiya ya fi a ƙulle abu mai tururi a leda. Masa da ƙosai takarda ta ishe su, amma farar takarda ko ruwan ƙasa mara rubutu, ba jarida ba, tawadar tana narkewa a mai, ba kuma takardar buhun siminti ba, wannan har masu tsire da balangu nake wa magana.

Yanzu maganar rarraba shara, wadda ita ce ta fi muhimmanci a duk tambayarki duk da a ƙarshe kika sako ta. Ba sabon abu ba ne, tun 2019 gwamna Sanwo-Olu ya ƙaddamar da shirin da suka kira Blue Box, daga baya hukumar shara ta LAWMA ta fito da durom biyu, shuɗi na kayan da za a sake sarrafawa, kore na sauran shara. In gaskiya za a faɗa, a unguwanni irin namu abin da ake kama mutane a kai shi ne zubar da shara a titi ko kwata, da rashin mazubi mai murfi, da ƙin biyan masu mota, ba wai don an samu gora a cikin ragowar tuwo ba. Amma ni zan ce ki fara rarrabawar ko ba wanda ya tsaya a kanki, kuma ba sai kin sayi durom kala-kala ba, abu ɗaya za ki riƙe, jiƙaƙƙe kar ya haɗu da busasshe. Shi kenan dokar gaba ɗaya in aka tace ta. Gora da gwangwani da kwali da ledar fiya wata ba sa wari, ba sa kiran ƙuda, za su yi wata a ajiye ba abin da zai same su, kuma kuɗi ne. Ragowar abinci da ɓawo da ruwan miya su ne masu ruɓewa cikin kwana ɗaya a zafin Legas. Da zarar kin juye su wuri ɗaya kin lalata mai kuɗin, kin kuma ninka girman mai warin, durom ɗin da ya kamata ya kai ki sati ya cika a kwana biyu da gorunan da ba komai a cikinsu sai iska, sai ki ga mota ba ta zo ba shara ta tumbatsa, daga nan ne ake fara neman mai baro da daddare.

A shago ga yadda nake ba masu abinci shawara su yi. Bokitin fenti babba mai murfi a gefen wurin wanke-wanke, duk farantin da ya dawo a kankare shi a ciki kafin ya shiga ruwa. Buhu ɗaya a rataye a ƙusa na gora da gwangwani, wani buhun na ledar fiya wata kaɗai, a rataye nake cewa ba a ƙasa ba saboda ɓera da ruwan wanke-wanke. Kwalin taliya da na tumatirin gwangwani a farke shi a shimfiɗe a ɗora a kan wani abu a sama inda ruwa ba ya taɓawa. Buhun fiya watan ki sa shi kusa da inda mutane suke wanke hannu, don a nan suke yar da ledar, in ya yi nisa da taku uku ba mai zuwa. Kuma yaran shagon su ne za su yi aikin ba ke ba, in kina so abin ya ɗore ki ce musu kuɗin gora da gwangwani nasu ne ko rabi nasu, ranar za ki ga har ta maƙwabta suna tsintowa.

Bari in gaya miki abin da mu masu saye muke dubawa, don kar a taya miki kayanki a wulaƙance. Ki juya gindin roba za ki ga ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da lemo, ita ce ta fi kasuwa, lamba 2 jarka da galan da robar man shafawa, lamba 4 irin ledar fiya wata, lamba 5 bokiti da kujera da robar tekawe mai tauri, lamba 6 ita ce dangin farar da aka hana. Kowacce kuɗinta daban kuma injin da yake cin ta daban, in kika kawo su a cakuɗe da kuɗin mafi arha za a saya duka. Gora a zubar da ragowar abin da ke ciki, a taka ta ta lotse, fara garau a ware ta daga koriya da ruwan ƙasa don fara ta fi daraja. Murfin ba matsala ba ne, a wurin niƙa in an zuba garin a ruwa na gorar nutsewa yake na murfin ya taso sama a kwashe. Wadda aka zuba manja ko man gyaɗa ko kananzir a ciki ki ware ta gefe, ɗaya tana iya ɓata buhu guda. Gwangwani ki sa masa maganaɗisu, in bai kama ba alminiyom ne irin na lemo da maltina, shi ne mai tsada, in ya kama ƙarfe ne irin na tumatir da madara, shi da tarkacen ƙarfe ake auna shi. Kwali in ya jiƙe ya mutu, ko an shanya shi ba ya dawowa daidai. Ledar fiya wata a farke ta a zazzage ruwan, in ba haka ba za a rage miki kilo saboda danshi kuma tana yin gansakuka. Kuma dan Allah kar yara su zuba yashi ko ruwa a gora don ta yi nauyi, muna ganewa tun daga ɗaga buhun, kuma daga ranar an daina yarda da kayanki.

Kar kuma ki sa ran za ki yi arziki da shi. Gorar ruwa ƙarama sai kin tara 40 zuwa 60 kafin ta yi kilo ɗaya, ya danganta da kaurinta, gwangwanin lemo wajen 70. Farashi yana hawa yana sauka, ki tambayi mutum biyu uku nawa suke sayen kilo kafin ki saki, kuma in da hali ki sayi ɗan sikelin rataye ki auna da kanki kafin mai saye ya zo, a harkarmu akwai masu tsoron Allah akwai kuma masu sikelin da ya san mai shi. Bayan yaranmu masu yawo da buhu akwai kamfanoni irin Wecyclers da suke karɓa su biya, akwai manhajar waya ta Pakam da ake kiran mai ɗauka ta ciki, sai dai ba ko'ina suke kaiwa da wuri ba kuma sun fi son kaya ya taru. A gidan haya abin da ya fi shi ne a yi buhu ɗaya babba na gida gaba ɗaya a bayan ƙofa, in an sayar a zuba kuɗin a cikin kuɗin shara ko na kwan fitilar tsakar gida, amma a damƙa wa mutum ɗaya, in aka ce na kowa ne rigima ce za ta biyo baya.

Jiƙaƙƙen ma ba duka ne na mota ba. Ƙanzo da ragowar tuwo da ɓawon doya da na dankali da ganyen kabeji, a Agege kike, masu kiwon tumaki da kaji ba sa yi miki wuya, wani har da buhunsa zai riƙa zuwa da yamma. Sai dai ki tsince leda tas kafin ki ba su, ki tambayi mahautan Oko-Oba abin da suke cirowa daga tumbin saniya da akuya, dunƙulen leda ne a murɗe, dabbar tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba. Man suya da ya ƙone kar a juye a kwata, daskarewa yake ya kama shara ya toshe, a tara a galan, masu yin sabulu suna karɓa. Toka a bari ta huce sarai kafin ta shiga durom ɗin roba, na ga durom sabo da gindinsa ya narke saboda garwashi ɗaya. Abin da ya rage a tsane ruwansa a ƙulle, kin ga abin da zai shiga durom ɗinki bai fi kashi ɗaya cikin uku na da ba. Fasasshiyar kwalba da reza da allura a naɗe su a kwali ko a zura a gora a rufe, don hannun mutum ne zai taɓa su ba inji ba, yaranmu nawa ne suke yawo da yanka a tafin hannu. Robar maganin ƙwari da ta fiya-fiya a huda ta kafin a yar don kar wani ya wanke ya zuba abin sha. Ƙona shara a bayan shago kuma ki manta da shi, laifi ne a dokar jihar, kuma hayaƙin roba ke da yaranki za ku fara shaƙa.

Tunda kin ambaci zoɓo da kunun aya dole in tsaya a nan, ko da zai rage wa wasu 'yan uwana ciniki. Kar ki sayi gorar da aka tsinto a bola ko kwata ki zuba abin sha, komai wankin da aka ce an yi mata. Ni na san inda ake tsinto su kuma na san irin ruwan da ake ɗauraye su da shi. A watan Yunin 2024 da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiya na jihar sun ambaci wani kunun aya mara rajista a yankin Eti-Osa cikin abubuwan da suka bi sawu, kuma kowa ya ga yadda kasuwar masu kunun aya ta faɗi a lokacin har da waɗanda ba ruwansu. Sabuwar gora da murfinta mai sil ana sayarwa a dozin, ki sa kuɗin a cikin farashi. In kuma dole sai tsohuwa, to ta ruwan da aka sha a shagonki a gabanki, ki wanke da sabulu da ruwa mai tsabta ki kife ta bushe.

Sai masu mota, wato 'yan PSP. Kamfanoni ne masu zaman kansu da LAWMA ta raba wa unguwanni, kowace unguwa da nata, ba ke kike zaɓa ba. Shago lissafinsa daban da na gida, kuma galibi yawan abin da kike fitarwa yana shiga cikin kuɗin da za a yanka miki, wannan ma wani dalilin ne na rage shi, in kin rage ki nemi su sake dubawa. Ki biya ta asusun da ke jikin takardar, kar ki ba yaron mota kuɗi a hannu, ki ajiye rasit a leda a cikin durowa ki kuma ɗauki hotonsa a waya, ranar da masu duba-gari suka zo shi ne farkon abin da za su tambaya. Na san za ki ce ai sai su yi sati biyu ba su zo ba kuma takarda ba ta fashi, gaskiya ne yana faruwa, gari ne da hukumar da kanta take cewa yana fitar da shara wajen tan 13,000 a rana, in damina ta yi motoci kan yi layi a juji irin Olusosun na Ojota su wuni ba su sauke ba. Amma maganin ba shi ne ki daina biya shiru ba, bashi ne zai taru a kanki. Ki riƙa rubuta ranakun da suka zo da waɗanda ba su zo ba, ki ɗauki hoton durom a cike, ku haɗu da maƙwabta ku kai ƙara ofishin LAWMA ta hannun ƙungiyar unguwa ko shugabannin kasuwa ko fadar Sarkin Hausawa, ƙorafin layi guda ya fi na mace ɗaya saurin shiga kunne. Dokar muhalli ta jihar ta 2017 ake amfani da ita, kuma kwamishinan ya faɗa a fili cewa zubar da shara a inda bai dace ba yana iya jawo tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 3. Sharar safiyar Alhamis ta 'yan kasuwa ma kar ki yi wasa da ita, a gyara gaban shago da kwatar da ke gabansa kafin a buɗe. Kin dai tuna a watan Oktoban 2023 an rufe kasuwar Mile 12 sukutum saboda ƙazanta, masu tumatir da tattasai da ba su ji ba ba su gani ba suka yi asara tare da masu laifin.

Yaron baron nan kuwa, Allah ya fito da shi lafiya, amma kar ki nemi wani ya maye gurbinsa. Jihar ta daɗe da haramta kwasar shara a baro, hujjarsu ita ce ba su da inda za su kai, sai su juye a tsakiyar titi ko bakin kwata da tsakar dare, kuma tsakani da Allah da yawa haka suke yi, sannan wanda ya ba su sharar ma ana iya kama shi. Abin da yake min ciwo shi ne yadda ake haɗa kowa a yi masa kuɗin goro, mai baron shara da mai tsintar roba da ɓarawon waya duk a kira su da suna ɗaya, alhali yawancin gora da gwangwanin da ake sake sarrafawa a garin nan ta hannun yaran nan namu na Arewa suke bi kafin su isa kamfani, ba ta shuɗin durom ba. A Abuja ma a Janairun 2025 an hana 'yan bola yawo cikin gari aka ce su tsaya a juji, aka rufe kasuwannin panteka na sati 2, saboda satar murafen kwalbati da wayoyin wuta, laifin wasu ya shafi kowa. In yaron ya dawo ki ce masa ya bar ɗaukar jiƙaƙƙiyar shara kwata-kwata, ya koma sayen busasshen kaya daga shaguna irin naki da sikelinsa, ya jingina da wani mai wurin tara kaya da aka sani, ya yi katin ƙungiya, kuma ko kyauta aka ba shi waya ko ƙarfen gwamnati kar ya taɓa. Ke kuma ki zama kwastomarsa ta farko, ki haɗa shi da masu shayi da masu kanti na layinku.

In jami'ai sun zo shagon kar ki ɗaga murya kar kuma yaranki su gudu, ki nemi ganin katin aikinsu cikin ladabi, ki nuna musu durom mai murfi da rasit ɗinki da irin mazubin da kike zuba abinci, in sun ce akwai laifi ki ce su rubuta miki a takarda da sunan ofishin da za ki je. Wanda ya ce a sasanta a nan ba takarda, ki kira shugaban layinku ko wani dattijo ya tsaya a wurin kafin ki buɗe jaka.